Mahaifina ya bar nono ya koma kunun aya, amma yunwa da suga sun ƙaru

Ɗan Jega:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masu ilimi da waɗanda suka taɓa fuskantar irin wannan hali game da mahaifina, wanda shekarunsa suka haura sittin, kuma manomin shinkafa ne a fadamar garinmu. Wata biyar ke nan da likita ya tabbatar mana yana da ciwon suga, bayan ya daɗe yana fama da yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi iri biyu. Tun da na yi wayo ban san ranar da Baba ya wuni bai sha fura da nono ba. Da hantsi ake dama masa, ya sha ya nufi gona, kuma ba ya sake neman abinci sai bayan la'asar.

Da labarin ciwon ya bazu cikin dangi, kowa ya zo da tasa shawara. Wata gwaggonmu, wadda ba ma iya tsallake maganarta, ta ce nono yana da maiƙo da zaƙi, abin da ya fito daga jikin dabba ba ya yi wa mai suga kyau, gara a koma kunun aya domin aya maganin suga ce. Saboda haka aka daina saya masa nono, aka daina dama fura, ana yi masa kunun aya da dabino da kwakwa, ba a sa suga ko ƙwaya ɗaya. Ranar da ba a samu aya ba sai a sayo masa kunun zaƙi a maƙwabta, bayan an roƙi mai kunun ta ɗebar mana kafin ta zuba suga.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tun da aka yi wannan canji Baba ba ya kai azahar sai ya aiko a kai masa abinci, yana cewa cikinsa kamar an yashe shi, kuma idan ya zauna gaban tuwo yana cin fiye da yadda ya saba. Na saya masa na'urar gwajin suga, kuma duk ranar da na gwada shi awa biyu bayan ya sha kunun, sai in ga ta haura 200. To shin nono ne yake da illa ga mai suga ko kuwa mun bar abin da ya fi masa amfani? Me ya sa kunun da ba a sa wa suga ba yake ɗaga suga? Kuma me za mu ba shi da safe wanda zai riƙe masa ciki har ya dawo daga gona?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri a kan kulawar da kake yi da shi. Na daɗe ina aiki da masu wannan ciwo, kuma labarinka na ji irinsa daga bakin mutane da yawa, domin an riga an ɗauka cewa duk abin sha da aka yi da tsiro ya fi na dabba sauƙi ga jiki. Jiki kuwa ba ya tambayar daga ina abu ya fito. Abin da yake aiki da shi shi ne yawan sitaci da suga da ke cikin kofin, da yawan furotin da mai da ke tare da su, da kuma saurin da abin yake barin ciki ya gangara hanji.

Bari in fara da nono. Kofi ɗaya na madarar saniya, mai cin mililita 250, yana ɗauke da wajen giram 12 na wani suga da ake kira laktos, da wajen giram 8 na furotin, da mai kusan daidai da haka idan ba a cire man ba. Laktos ba ya shiga jini sai hanji ya raba shi biyu, rabi gulukos, wato sugan da ke yawo a jini, rabi galaktos, shi kuma galaktos sai ya bi ta hanta tukuna kafin ya zama abin da jiki zai ƙona. A shekarar 1981 wani masani mai suna David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka fito da ma'aunin saurin da kowane abinci yake ɗaga sugan jini, inda aka ba tsantsar gulukos maki 100. A wannan ma'auni madara tana tsakanin 30 da 40, wato tana cikin masu tafiya a hankali. Idan aka bar ta ta kwana ta zama nono, ƙwayoyin halittar da ke sa ta tsami suna cinye wani kaso na laktos ɗin su mayar da shi tsami, kuma tsamin kansa yana rage saurin da abinci ke barin ciki.

Wajen riƙe ciki kuwa, furotin ɗin ne yake aikin. Kashi 80 cikin ɗari na furotin madara wani iri ne da ake kira kesin, wanda da zarar ya haɗu da tsamin ciki sai ya dunƙule, kamar yadda madara ke dunƙulewa idan an matsa mata lemon tsami, sai ciki ya ɗauki lokaci yana narkar da shi. Sauran kashi 20 ɗin yana cikin ruwan nan da ke tsatsowa a saman nono idan ya tsinke, kuma shi yana da saurin narkewa, yana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, da wuri, yana kuma sa hanji ya saki sinadaran da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Kaurin kindirmo ma yana da nasa tasiri, domin abu mai kauri ya fi tsinkakken ruwa daɗewa a ciki da kashe yunwa, ko da abin da ke cikinsu ɗaya ne. Wannan ne ya sa Baba yake kai la'asar bai nemi abinci ba.

Aya kuwa ba 'yar'uwar gyaɗa ba ce kamar yadda wasu suke zato, saiwa ce da ke ƙulluwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da ya fi yawa a cikinta shi ne sitaci da mai da suga na halitta da dusa. Mai tauna aya yana haɗiye wani ɓangare na dusar, taunar kanta tana ɗaukar lokaci, shi ya sa ba ya cin mai yawa. Amma idan aka jiƙa ta aka markaɗa aka tace, dusar da ke rage gudun sugan ta tsaya a cikin rariya an zubar wa awaki, abin da ya sauka cikin roba shi ne ruwa da sitaci da suga da mai, furotin kuwa bai wuce wajen giram 1 a kowace mililita 100 ba. Sannan ga dabino, wanda kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshensa suga ne. Dabino ɗaya matsakaici ya kai kimanin cokalin shayi ɗaya na suga, don haka idan aka markaɗa guda ashirin a cikin kunun, an zuba cokali ashirin ke nan ko da ba a taɓa kwalin suga ba. Irin wannan abin sha yana wucewa ciki da sauri, suga ya hau, bayan ɗan lokaci ciki ya zama wayam, mutum ya nemi tuwo.

Sai dai kada a fahimce ni da cewa a koma wa tsohuwar furar yadda take. A cikin kwanon fura da nono, abin da ke ɗaga suga shi ne furar da sugan da ake zubawa. Kusan kashi biyu cikin uku na busasshen gero sitaci ne, kuma an surfe shi, an daka, an tankaɗe, an dafa, an sake kirɓawa, duk waɗannan suna sauƙaƙa wa hanji mayar da shi gulukos. Shawarata ita ce a juya lissafin: nono ya zama shi ne mai yawa, fura ta zama rabin curi ko ƙasa da haka, kada a sa suga ko zuma, kuma ya haɗa da dafaffen ƙwai ko ɗan wake ko gyaɗa kaɗan. Daga nan na'urar da ka saya ita za ta gaya muku ko adadin ya yi masa daidai. Abin da ake nema ga yawancin masu ciwon shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan an fara ci, sai dai idan likitansa ya yanka masa wani adadi dabam saboda shekarunsa.

Jikan makiyaya, Bunza:

Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan ƙara abin da na sani daga cikin gida, domin a ruga na tashi kuma mahaifiyata da yayyena mata sun yi tallan nono shekaru masu yawa. Lissafin da Hajiya ta kawo na nonon da ba a taɓa ba ne, kuma ba kowane abin da ke cikin ƙwarya a kasuwa ne haka ba. Kindirmo shi ne wanda aka dafa madarar aka bar ta ta kwana da manta a ciki. Tsala kuwa an riga an kaɗa shi an cire man shanu, sau da yawa kuma an ƙara masa ruwa, don haka ba zai riƙe ciki kamar kindirmo ba, ko da yake furotin ɗinsa yana nan gwargwadon ruwan da aka zuba.

Matsalar ta fi yawa da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, shanu suka yi nisa, nono ya yi wuya. A wannan lokaci wasu masu sayarwa suna ƙara ruwa sannan su mayar da kaurin da garin 'ya'yan kuka ko wani gari mai sitaci, wasu kuma madarar gari suke damawa su kwantar da ita. Garin 'ya'yan kuka ba shi ne abin tsoro ba, amma sitaci ga mai suga daidai yake da an ƙara masa fura ba da saninsa ba. Ita ma madarar gari iri-iri ce: akwai tsantsa, akwai wadda aka cire man shanunta aka sa man tsiro, akwai kuma farin garin shayi mai arha wanda yawancinsa suga ne da mai, madarar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. Nonon roba na kanti kuwa, yawancin wanda ake sayarwa da sanyi an zuba masa suga sosai, sai an karanta jikin robar.

Saboda haka ina ba ka shawara ka nemi mace ɗaya amintacciya da za ta riƙa kawo muku, ka gaya mata gaskiya cewa na marar lafiya ne, ka biya ta kuɗin da ya fi na kasuwa. In kuwa madara za ku samu, ku tafasa ta da kanku, ku bar ta ta huce har ta yi ɗumi, ku zuba ludayi ɗaya na nonon jiya, ku rufe a wuri mai ɗumi zuwa safe. Tafasawar wajibi ce, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar bakkale da tarin shanu zuwa ga mutum, mai suga kuma jikinsa ba ya da ƙarfin yaƙi da cuta kamar na mai lafiya. Ina kuma so Hajiya ta yi mana bayani a kan nonon raƙumi, domin a wajen Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka ana sayar da shi da tsada da sunan maganin suga.

Tsohon malamin kimiyya, Argungu:

Ɗana, ina yi wa mahaifinka fatan sauƙi. Ni ma shekara goma sha ɗaya ke nan ina tare da wannan ciwo, kuma tambayarka ta biyu, wadda ta shafi kunun zaƙi, ita ce nake so in tsaya a kanta, domin ni kaina na daɗe ina shan sa da zaton na tsira tunda ba a sa suga ba. Ka tambayi duk matar da ta iya wannan kunu, za ta gaya maka cewa bayan an dama gasarar da tafasasshen ruwa, sai a bar ta ta ɗan huce a zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, a rufe a bar shi ya kwana, da safe a tarar ya tsinke ya yi zaƙi. Abin da ya faru cikin dare shi ne dankalin da tsiron suna ɗauke da wani sinadari mai suna amiles, irin wanda ke cikin yawun bakinmu, wanda aikinsa shi ne yanyanka sitaci ya mayar da shi suga mai suna maltos. Maltos bai kai sugan kanti zaƙi a harshe ba, amma a ma'aunin da Hajiya ta ambata ya fi shi saurin shiga jini, domin sugan kanti yana wajen 65, shi kuwa maltos yana kafaɗa da kafaɗa da gulukos. Wato aikin da hanji zai yi a hankali an riga an yi masa shi a cikin tukunya.

Wannan hanya ce kamfanonin Turai da Amurka suke bi wajen yin abin da suke kira madarar shinkafa da madarar hatsin oti, waɗanda yanzu ake gani cikin kwali a manyan kantuna. Fari ne kamar madara, an rubuta ba a ƙara suga ba, amma ta shinkafar tana cikin abubuwan sha mafi saurin ɗaga suga, kuma kusan babu furotin a cikinta. Ta almon da ba a sa wa zaƙi ba ba ta ɗaga suga, sai dai yawancinta ruwa ne, furotin ɗinta wajen giram 1 ne a kofi, don haka ba za ta kai manomi ko'ina ba.

A cikin duk abin sha na tsiro, wanda ya yi kusa da nono shi ne madarar waken suya, kuma ga waken nan a kasuwanninmu da arha. Kofi ɗaya yana ba da wajen giram 7 na furotin, sitaci da suga kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ni ita nake sha ranar da nono ya gagara. Ana jiƙa waken ya kwana, a murje ɓawon, a markaɗa, a tace, sannan a tafasa sosai na kimanin minti ashirin ana juyawa, domin ɗanyen waken yana da wani sinadari da ke hana narkar da furotin, sai wuta ce ke kashe shi. In ana son ƙamshi a sa citta ko kanumfari. Abin da ta gaza nono da shi shi ne sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma wasu tana sa su kumburin ciki a farko. Awara ma daga wannan madarar take, kuma tana riƙe ciki fiye da ruwan, in dai ba a jiƙa ta da mai ba.

Inda na ɗan bambanta da Hajiya shi ne ban ga dalilin da za a raba dattijo da kunun aya ɗungurungum ba idan yana marmarinsa. Rabin ƙaramin kofi, babu dabino, bayan ya ci abinci mai wake ko nama ko ganye, ya bambanta da babban kofi a kan yunwar safe. Sai an gwada akan san na ƙwarai: ka ware kwana shida, kwana biyu kindirmo da 'yar fura, kwana biyu madarar waken suya, kwana biyu kunun aya marar dabino, kofi ɗaya kake aunawa da shi, ka gwada shi kafin ya sha da awa biyu bayan nan, ka rubuta har da lokacin da ya fara cewa yana jin yunwa. Wannan takarda ka kai wa likitansa.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:

Na yarda da gyaran Malam, kuma tsarin gwajin da ya kawo shi ne daidai. Game da nonon raƙumi, an yi wasu ƙananan bincike, musamman a Indiya, da suka nuna raguwar suga ga wasu masu sha, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma ba a tabbatar yana warkar da ciwon ba. Yana da laktos kusan kamar na saniya, kuma da yake an fi shan sa ɗanye da imanin cewa wuta tana kashe maganin, haɗarin cutar da ɗan'uwanmu na Bunza ya ambata yana nan. Wanda yake so ya sha a matsayin abinci, ya tafasa.

Akwai abu ɗaya mai muhimmanci da ya kamata ka lura da shi, tunda ka ce ƙwayoyin Baba iri biyu ne. Yunwar mai suga tana iya zuwa daga hawan suga, domin abincin yana yawo cikin jini bai shiga tsoka ba, tana kuma iya zuwa daga faɗuwarsa. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga ba, amma glibenclamide da danginsa da allurar insulin suna yi, musamman ga wanda ke aikin ƙarfi a rana. Idan kuka rage fura da dabino lokaci ɗaya alhali maganin yana nan yadda yake, sugan zai iya sauka fiye da kima yana tsakiyar fadama. Don haka ka duba sunayen ƙwayoyin, ka sanar da likita canjin abincin da za ku yi, kuma ka gwada shi a daidai lokacin da yake kukan yunwa. In ka ga ƙasa da 70, ko yana rawar jiki da zufa da jiri, a ba shi cokalin shayi huɗu na suga a ruwa nan take, a sake gwadawa bayan minti goma sha biyar. A wannan hali kada a ba shi nono, domin jinkirin da ya sa nono ya dace da shi kullum shi ne zai hana shi farfaɗowa da wuri. Idan kuma an taɓa ce muku ƙodarsa ta taɓu, kada ku ƙara masa nono ko waken suya sai da izinin likita.

Ɗan Jega:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Malam lafiya. Na duba kwalayen maganin, ɗaya metformin ne, ɗayan kuma glibenclamide, don haka ba zan canja komai ba sai mun ga likita ranar Litinin. Na tambayi mahaifiyata yawan dabinon da ake sawa, ta ce ba ta ƙirgawa, amma yakan cika tafin hannu biyu a kunun da Baba yake shanyewa shi kaɗai a wuni. Na kuma yi magana da matar da ta saba kawo mana nono tun da can, ta ce za ta riƙa ware mana kindirmon da ba a taɓa ba. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan fahimtar da gwaggo ba tare da ta ga an raina shawararta ba, kuma ina ganin zan bari ta zauna tare da mu ranar da za mu gwada shi bayan kunun, ta ga lambar da idonta. Baba kuma zai riƙa tafiya gona da ƙullin suga a aljihu daga gobe, na gaya wa ƙanena da ke raka shi alamomin da Hajiya ta lissafa.